Ɗan Aiken Inna

Zuwa ga yayana Haruna, wanda mutanen Dogon Dutsi suka fi sani da Mai Rediyo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya yalwata maka makwanci. Ni ce Rabi. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, na kuma san masu bin shafina ne za su karanta ta. Su yi haƙuri su leƙa daga gefe. Yau da kai nake magana, kuma akwai saƙon da ya biyo ta hannuna zuwa gare ka.

Yau Alhamis, an idar da la'asar. Hadari ya haɗu ta gabas tun azahar, ya ƙi zubowa, ya ƙi watsewa. Sau huɗu ke nan ina tashi daga teburinka ina dawowa. Na share tsakar gidan da na riga na share da safe, na buɗe tukunya na rufe, na yi wa kaji faɗan da ba su jawo ba. Gobe kasuwa. Motar Malam Gado za ta shigo daga Sukukutane ta hanyar ƙauyenmu da hantsi, ta juya bayan la'asar, ga kuma ɗan aiken Inna a gabana da cikinsa buɗe.

Kai ka san ɗan aike tunda kai ka ƙera shi, amma bari in faɗa saboda masu leƙe.

Lokacin da idon Inna ya fara dushewa, ka saya mata salula don ku riƙa gaisawa. A ƙauyenmu kuwa rezo, wato sabis ɗin salula, ba ya saukowa ƙasa, sai an hau tudun yashin da ke bayan rijiya, kuma duk wanda ya hau, rabin gari na biye da shi da kunne. Ga shi kai ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakin Inna ba. Kana zaune a gabanta za ta juyo ta tambaye ni ko wancan ya ci abinci. To matar da ke jin nauyin dubanka a cikin ɗakinta, ita ce za ta yi hira da kai a kan tudu, masu ɗiban ruwa na saurare? Aka riƙo hannunta aka hau da ita, ta ce lahiya lau sau uku, ta miƙa salular. Ka yi kwana biyu kana kumbure-kumbure a shago, sannan ka ce mini laifin ba na Inna ba ne, salular ce ba a koya wa kunya ba.

Sai ka ɗauko gawar wata ƙaramar rediyo, ka kwashe kayan cikinta, ka sa wani ɗan allo kore mai ƙwaƙwalwar da ba ta fi ƙwayar wake ba, wadda ke riƙe maganar minti ɗaya. Ka haɗa masa lasifika da abin ɗaukar murya, ka manna ɗan pano a bayansa don rana ta riƙa cika batir. Madanni biyu kawai ka bar masa, ɗaya na ji, ɗaya na magana. A kan ɗaya ka liƙa guntun fata, a kan ɗayan ƙwayar dutsen wuya da ka roƙa wajen matarka. Saƙo ɗaya tak yake ɗauka. In aka danna na magana, sabon ya hau kan tsohon ya shafe shi, babu tambaya, babu jiran izini.

Ka tuna gardamar da muka yi? Ni Madam mai koyar da kimiyya a lakkwal, makarantar boko guda, na zo ina yi maka iyayi, wai ka sa kati mai ɗaukar saƙo dubu, ka kuma rubuta suna a jikin kowane madanni kamar yadda masu hankali ke yi. Ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce Inna da yatsa take karatu, kuma in aka ba ta saƙo dubu ɓacewa za ta yi a cikinsu. Ka tuna mini da kaset ɗin Baba lokacin da yake ci-rani a kurmi: a taru a saurara, a mayar da shi baya, a ɗauki amsa a kansa, a ba mai tafiya. Wanda ya ji ya amsa, ka ce, haka muka saba. Na ce ai wannan ci-baya ne. Ka ce in miƙo maka dalma.

Shekara huɗu ɗan aike na hawa motar Malam Gado, naɗe cikin ƙyallen atamfa, wannan Juma'ar ya tafi, mai zuwa ya dawo. Inna ce ta raɗa masa suna. Ban taɓa jin abin da take faɗa maka ba. Nakan dai ga ka shige da shi bayan shago, ka fito kana jan hanci, ka ce hayaƙin dalma ne. Ban taɓa gaya maka na lura ƙarfen narka dalmar ma ba a kunne yake ba.

Sai daminar bara waccan. Ranar Juma'a ka ba Malam Gado ɗan aike, Asabar zazzaɓi ya kayar da kai, Laraba aka kai ka. Kwana biyar, Yaya. Kai da kake ɗaukar mako uku a kan rediyo ɗaya, mai ita na zarya yana zaginka a zuci, tafiyarka ce kaɗai ka yi wa gaggawa.

A cikin kwanakin zaman makoki a ƙauye, na zo shiga ɗakin Inna da kwanon fura, sai na ji muryarka ta bayan asabari. Saura kaɗan kwanon ya suɓuce. Kana gaishe ta, kana tambayar ko ruwa ya sauka, ko jar akuya ta haihu. Ka ce ta yafe maka ba ka zo Salla ba, aiki ne ya yi maka yawa, amma da an gama noman farko kana tafe. Wani ɗan kabu-kabu ya danna oda a bayanka, ka yi tsaki, ka yi dariya, minti ya cika. Sau ɗaya ke nan na taɓa jin saƙon. Na koma da furar ban shiga ba.

Bari in ba ka labarin ɓarnar da ka bari a Dutsi, don kada ka zaci yabonka kawai ake yi. Ashe rabin garin nan kai ka buɗe musu asusun salula, kai ka zaɓa musu kod, wato lambar sirri, kuma ba ka rubuta ko ɗaya ba, duk a kanka suke. Da matarka ta fita takaba ta koma gidansu, aka kwaso teburinka da kayan aikinka aka kawo zaurena, sai mutane suka biyo teburin. Mai nama ya zo, ma'aikacin biro, ɗan ofis, ya zo da takalminsa mai ƙyalli, har tsohuwar nan mai ƙosai ta bakin tasha. Kowa ya yi mini ta'aziyya ta biyu, sannan ya zaro salula daga aljihu. Na gwada sunanka, na gwada sunan ƙauyenmu, na gwada lambar babur ɗinka. Wallahi na yi dariya na yi kuka a zauren nan.

Ita mai ƙosan ma ba kod ne ya kawo ta ba. Salularta ce ta sabunta kanta ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauke koren tabon da tsohuwa ta saba dannawa ta kira ɗanta, ta mayar da shi wani lungu, ta canza masa kama. Mako guda baiwar Allah na zaton ɗan ne ya toshe ta. Na dawo mata da shi inda yatsarta ta sani, ta tafi tana sa maka albarka, kai da ba ka yi komai ba.

Ban san nawa na tafe ba. Salulata ta faɗa bahon wanki. Na sayi sabuwa, ta ce in ba ta kod. Na ce ban sani ba. Ta ce to za ta aika shi wata lamba, na duba lambar, taka ce, layin da aka rufe tuni. Sai ta tambaye ni cikin ladabi, da Faransanci mai kyau, ko ina son in sake gwadawa. Duk saƙonnin muryar da ka taɓa aiko mini suna can bayan wannan ƙofar, na tsokana da na faɗa, har da wanda ka yi mini waƙar shirme ranar da na haifi Zara. Wanda ya tsara abin nan bai taɓa zama a garin da mutum ɗaya ke riƙe wa jama'a makulli ba, bai kuma kawo a ransa cewa mai makullin na iya mutuwa ranar Laraba ba. Har yau in na tuna ladabin salular nan sai raina ya ɓaci.

Daga ranar na san muryarka saura wuri ɗaya a duniya, cikin gawar rediyo, ƙarƙashin matashin Inna. Mutanen gida sun gaya mini kullum da hantsi takan sa a ajiye mata shi a rana, da azahar ta shige da shi ɗaki ta saki asabari. Ba ta amsa ba, don ta san dokarsa. Na yi ta cewa zan je in kwafe shi a salula. Sau biyu na je, sau biyu na kasa buɗe baki, na kwana ɗaya na gudo. Gaskiya ƙauyen ne ya yi mini nauyi, duk lungun da na duba kai nake gani. Sai na koma aike: sabulu, sukari, ganyen shayi, maganin ciwon gwiwa. Duk Juma'a Malam Gado ya ɗauka, in ce a gaishe ta, in dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Juma'a waccan, ba wadda ta wuce ba, na kai masa ƙullin sabulu a tasha, sai ya buɗe aljihun mota ya miƙo mini ƙyallen atamfar nan. Na karɓa da hannu biyu. Na tambaye shi ko lalacewa ya yi. Ya ce shi bai sani ba, Inna dai ta ce a kai Dutsi a ba Rabi hannu da hannu, ya juya ya ci gaba da faɗa da masu buhunan wake. Ni kuwa tun a tashar na yanke hukunci: ya lalace, gyara aka kawo shi, in ba haka ba me zai raba Inna da shi? Na rungumo shi a kan kabu-kabu ina ce wa mai babur ya bi a hankali, har ya waiwayo ya tambaye ni ko ƙwai ne.

Na ajiye shi a teburinka na kwance ƙyallen. A ido lafiyarsa lau. Fata na nan, dutse na nan. Na ɗaga yatsa zan danna, sai na tsaya. Yaya, wanne ne na ji?

Ka faɗa mini, na san ka faɗa. Ranar ina latse-latsen salula ne ina ce maka uhm. Yanzu ga ni da takardun shaida cike da akwati, na tsaya gaban madanni biyu, ɗaya zai ba ni muryarka, ɗaya zai shafe ta har abada ya ɗauki numfashina a gurbinta. Na ce to, wanda Inna ta shekara biyu tana dannawa shi zai fi cinyewa. Fatar ta yi baƙi, ta yi sulɓi. Amma ai dutse ba ya cinyewa ko shekara goma aka yi ana taɓa shi. Na ce na dama ne na ji, haka hankali ya nuna. Sai na tuna kai bahago ne, komai naka a juye yake. Na mayar da ƙyallen na rufe.

Kwana goma sha biyu na yi a haka. In ina aji ina zana wa ɗalibai yadda kuran, wutar lantarki, ke zagaya waya, hankalina na kan teburin nan. In ina gida ina tsoron kada Zara ta ja ƙyallen, har sai da na sa wa zauren kwaɗo. Abinci ba ya shiga. Na ɗauki salula in nemi ilimi, sai ta yi ta jefo mini abin da ban tambaya ba. Ga wani a wata ƙasa ya haɗa wa tukunyar furensa allo irin naka, wai in ta ji ƙishi ta aiko masa da saƙo. Ga wani ya yi wa kyanwarsa ƙofa mai gane fuska. Ga labarin sababbin salulolin da aka liƙe bakinsu da gam, babu ƙusa ko ɗaya da turnabis, abin kwance ƙusa, zai kama, in sun mutu sai a jefar. Da kana nan da ka ja tsakin nan naka mai tsawo, ka maimaita abin da kake ce wa masu kawo gyara, cewa abin da ba ka iya buɗewa ba naka ba ne, aro aka ba ka. Wani lokaci haushi nake ji, in ce mutane sun ƙoshi. Wani lokaci kuma in ga wani ya duƙufa a kan dalma, ya ƙone yatsa ya sa a baki, in ce wallahi wannan ɗan uwanka ne, in kalla sau uku.

Malamin lissafi na lakkwal ɗinmu ya ji labari, ya zo mini da murnarsa. Wai yanzu akwai manhajar da in an ba ta minti ɗaya na muryar mutum za ta iya faɗar komai da ita, sai dai in rubuta abin da nake so ka ce, ka ce. Na tambaye shi ko za ta san ka yi tsaki in an danna oda. Ya ce ana iya sa mata. Na ce ya sa wa kansa. Amma kada in yi maka ƙarya, a hanyar gida na kama kaina ina tsara abin da zan sa ka faɗa. Har na kai ga inda kake cewa Rabi kin iya, sai kunya ta kama ni a tsakiyar titi.

Malam kuwa, baban Zara, ka san shi da tsayuwa kan sunna. Ya ce mamaci addu'a yake buƙata, wannan bin murya in ba a yi hattara ba sai ya kai mutum inda masu kiran iskoki suke. Na ce masa ni ba kiranka nake ba, ji nake son yi, kuma in ya ga dama ya hau mota ya je ya gaya wa Inna haka. Muka yi kwana biyu daga gaisuwa sai gaisuwa. Rana ta uku ya dawo daga kasuwa ya ajiye sabon naɗin dalma a kan teburinka.

Za ka ce me ya hana in aika a tambayi Inna. Juma'a ta zagayo, na je tasha da niyyar haka. Malam Gado ya ce Inna na tambayar ɗan aikenta. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ban gama gyara ba. Girman kai ne, Yaya, ba wani abu ba. Madam guda ta aika ƙauye a tambayo tsohuwar da ba ta gani wane madanni ake dannawa, ta bakin direba, ƴan mota na ji? Na ba shi sukari na dawo.

A ƙarshe na yi abin da in kai ne tun ranar farko za ka yi. Na ce zan buɗe bayansa in bi wayoyin ciki da ido. Sai dai dokarka ta farko ita ce a cire batir kafin a taɓa komai, ni kuwa ban sani ba ko ƙwaƙwalwar nan na mantuwa in an raba ta da wuta. Na kwance ƙusoshinsa huɗu, na ɗauki hoton allon, na sa a wani dandali na masu irin wannan ƙere-ƙere, na yi bayani. Mutum biyu suka kama gardama da junansu, suka manta da ni. Sai wani dattijo, ban san ƙasarsa ba, hotonsa dai da farin gemu da tabarau, ya rubuto a natse cewa irin wannan ba ta mantuwa, in cire batir ba fargaba. Ya zana mini jan layi a kan ƙafar da ke ɗaukar magana. A ƙasa ya ƙara cewa wanda ya yi haɗin nan hannunsa na da tsabta. Na karanta layin ya fi sau goma.

Jiya Laraba, da na taso daga lakkwal, na wanke hannu na rufe zaure. Na cire batir. Ka tsiyaye allon da narkakken kyandir saboda yashi, na bi na kankare da allura. Daga ƙafar da dattijon ya nuna, wata siririyar waya ja ta tashi, ta bi ta ƙarƙashin lasifika, ta ɓuya, ta ɓullo, ta ƙare a gindin dutsen wuya. Dutse ne na magana. Ina ganin haka bayaninka ya dawo mini ɗungurungum: fata mai laushi ce don Inna za ta danna ta sau da yawa, dutse kuwa yana sukar yatsa, don mutum ya dakata kafin ya shafe maganar wani. Ka faɗa, ni ce ban saurara ba.

Duk da haka ban yarda da hannuna ba. Na ɗauko abin yankan farce na datse jar wayar, na lanƙwasa bakinta gefe. Yanzu ko jaki ya taka dutsen babu abin da zai gogu. Na mayar da batir. Na jera salula biyu a gaban lasifikar, tawa da ta Malam da na karɓe tun safe, na kunna musu ɗaukar murya. Na yi bismillah na danna fata.

Ya yi ƴar ƙara, sai kukan zabi daga nesa, sai numfashi. Numfashin ba naka ba ne.

"Salamu alaikum. Haruna."

Sunanka ta faɗa, Yaya. Da bakinta, a fili.

"Haruna, Inna ta. Na ji saƙonka, na daɗe da jin shi. Ruwa sun sauka. Jar akuya ta haihu, har ɗiyarta ta haihu. Ka ce in yahe ma. Na yahe tun ran nan, ban dai hwaɗi ba, yau na hwaɗi. Na yahe ma duniya da lahira."

Na zaci minti ya cika. Sai ta gyara murya.

"Rabi, na san ke za ki taɓa. Maganar yayanki tana cikin kaina, ba ta zuwa ko'ina. Sabulu na isowa, sukari na isowa, amma ba su gaida mutum. Muryarki nika biɗa. Ki maido min ɗan aikena da magana ciki."

Ya yi ƙit ya tsaya.

Ashe lafiyarsa lau. Ba gyara ya kawo shi ba, aike ya zo kamar yadda ya saba zuwa, ni ce na tsare shi kwana goma sha biyu ina gadin abin da babu shi. Tun kafin ya hau mota muryarka ta tafi.

Ba zan ɓoye maka ba, fushi na fara yi. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Na ce ita kaɗai ta rasa ka? Da ta yi mini magana ko da mako ɗaya ne, da na zo da salula na kwafe, kowa ya huta. Na faɗi maganganu a zauren nan da nake roƙon Allah Ya yafe mini. Sannan na tuna shekara biyu gare ni in yi hakan, sau biyu na kwana ɗaki ɗaya da shi, ban yi ba. Na sake danna fata. A ji na uku ne na lura da tsawon numfashin da ta ja kafin sunanka. Ba kuskure ta yi ba. Dutsen ya soki yatsarta kamar yadda ka tsara, ta san abin da take shafewa, ta danna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni mai kuka da masu tsara salula wai ba su san mutanenmu ba, ni ma ashe ban san Inna ba. Tana can ɗaki ita kaɗai da minti ɗaya na wanda ya tafi, mai rai kuwa na nan Dutsi tana aika mata sabulu. Muddin muryarka na ciki, ɗan aike ba ya iya hawa mota. Ta auna, ta sake ka don ta same ni. Ban cancanci wannan ba, kuma ban san inda zan ajiye shi ba.

Yau da safe na gwada tuno dariyarka ta ƙarshen saƙon. Ina jin odar babur ɗin sarai, ina jin tsakin, dariyar ce ta fara yi mini gardama, ban tabbata taka ce ko ta Baba ba. Abin ya yi mini ciwo, kuma na san ƙaruwa zai yi. Babu manhajar da zan kai wa shi, ba na ma so.

Maganar Inna dai tana cikin salula biyu yanzu, kod ɗina kuma na rubuta shi a takarda na ba Malam ya sa cikin jakar littattafansa. Ka ga na yi hankali, ko da a makare.

Saura aiki ɗaya, shi ne ya hana ni zama tun azahar. Sai na mayar da jar wayar da na datse. Ƙarfen na kan wuta, dalmar Malam na gefe, ni kawai ake jira. Ka san ban taɓa iya ɗigo mai kyau irin naka ba, nawa kullum kamar kashin awaki yake fita. In ta kama, zan danna dutse in shafe muryar Inna da tawa. Minti ɗaya ka ba mu, kai da rowarka. Na gwada a baki sau shida, gaisuwa kaɗai ke cinye rabi. Na tsara zan ce mata Rabi ce, saƙo ya iso, ta yafe mini ni ma, kuma da an ba da hutu ina tafe da Zara mu yi mata damina.

Nan na tsaya, don na tuna kai ma haka ka ce, kana tafe.

Na fasa jiran hutu. Gobe ɗan aike zai shiga motar Malam Gado, kuma ni zan riƙe shi a cinya. In mun isa zan miƙa mata, in fita tsakar gida in ba ta wuri ta saurara ita kaɗai, tunda haka ta fi so. In ta gama sai in yi sallama in shiga.

To ga saƙonka, Yaya, ka yafe mini jinkirin. Ruwa ya sauka. Jar akuya ta haihu, har ƴarta ta haihu. Inna ta yafe maka duniya da lahira, kuma ta kira sunanka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wannan hannun da ya samo wa uwa hanyar magana da ɗan farinta ya zame maka shaida ranar gobe. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, Ya kai motar gobe lafiya, Ya haɗa mu a inda babu buƙatar aike. Amin.

Ƙarfen ya yi zafi, bari in tashi.

Ƙanwarka,
Rabi,
daga Dogon Dutsi.